Kabad Ɗina da Irin Albasar Alfa Seini

Ruwan bana ya kwana goma sha ɗaya a tsakar gidanmu kafin ya janye. Da ya janye ya bar abin da ya saba bari: taɓo har idon sawu, zanen datti a jikin bango daidai ƙugun mutum, sai kuma wari. Wanda bai zauna kusa da kogin Kwara ba bai san wannan warin ba. Ruɓaɓɓiyar shinkafa ce da mataccen kifi da jiƙaƙƙen katako suka haɗu wuri guda, rana kuma ta buɗe a kansu.

Ni mace ce mai son abu bi da bi. Karatuna bai wuce aji shida ba, amma duk Bagudo an san ba a shara a gabana a tsallake lungu. Don haka da muka gama kwashe taɓo, na zaunar da Rabi, matar ɗana, na koya mata gyaran kayan katako yadda na sani. Da farko a wanke da ruwa mai tsabta, kada a jiƙa. Sannan a shanya a inuwa, don rana tana tsaga katako. Idan ya bushe a samo fasasshiyar kwalba a kankare tsohon fenti, ana bin tsawon katakon, ba a gicciye ba. A goge da lallausan yashi a tsumma. A bi da kananzir saboda funfuna. Ƙafafu da baya a shafa musu baƙin mai na inji saboda gara, fuska kuwa man kaɗe, a yi ta murzawa har ta ɗauki ido. Abin da ya ɗiga a ƙasa a barbaɗa masa toka ta shanye.

Rabi ta bi duka, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Da ta gama ta share tokar da ta sha mai, ta cika tasa, ta nufi jujin bayan gida.

"Ajiye!" Ban san na iya ihu haka ba.

Tasar ta kusa suɓuce mata. "Inna, lafiya? Toka ce fa. Wallahi na ɗauka maciji kika gani."

"Na ce ki ajiye. Ki tona rami can bayan makewayi, mai zurfi, ki binne."

Ta kalle ni, ta kalli tasar, ta tafi neman fartanya. Ni kuwa na zauna a kan turmi. Akwai wani tsoho a ƙetaren iyaka, ɓangaren Benin, da ya shekara talatin da 'yan kai yana ɗauke da laifin irin wannan tokar tawa. Watan jiya na ji an ce jikinsa ya yi nauyi. Har ranar ban taɓa gaya wa kowa ba. Bari in faɗa daga farko, yadda abin ya zo.

Shekara biyu ke nan da kawo ni gidan nan, ina goyon fari, aka yi ruwan da ya fi na bana. Shinkafar fadama ta nutse tana dab da yanka. Geron tudu ya sha ruwa har ya kwanta. Rumbu biyu suka zube. Mun kwana tara a makarantar firamare tare da awaki, da muka dawo kowa ya san abin da ke gabansa: idan ba a samu albasar rani ba, babu abin da za a kai baka har wata damina.

Babban gida a lokacin Yaya Garba ne, wan maigidana. Mutum ne mai kaifin harshe da zafin aiki. Shi ya raba wa kowa nasa. Maza su ta da katanga, su gyara injin ban-ruwa da ya sha taɓo. Mata su tsamo abin da za a iya tsamowa daga rumbunan da suka zube, a wanke, a shanya a kan tabarmi, a yi ta juyawa kafin ya tsiro ko ya yi baƙi.

Na yi wannan kwana ɗaya. A kwana na biyu na shiga ɗakina na tarar da kabad ɗina, wanda mahaifina ya sa kafinta ya yi mini na aure, funfuna ta fito masa fara sol kamar gemun tsoho. Ƙofarsa ɗaya ta kumbura ta ƙi rufuwa. A unguwar nan ba wata amarya mai irinsa. Na tsaya ina kallonsa, na ji kamar ni ce nake ruɓewa.

Na ce wa matan gida jariri ba ya jin daɗi, na sakaya ƙofa. Kwana biyu ina kankara da kwalba. Kananzir ɗin da na yi aiki da shi na fitilar gida ne, wanda ake aunawa da murfin kwalba saboda tsada. Baƙin man kuwa wanda Yaya ya tsiyaye daga inji ne ya ajiye a gwangwani a zaure. Ban tambayi kowa ba. Hannuna bai saba ba, rabin man a ƙasa ya ƙare. Na kwaso tokar murhu na zuba, ta shanye, na sake zubawa. Tasa huɗu na fitar ta ƙofar baya zuwa juji. Don kada a gani, na rufe da tsabtatacciyar toka da kashin awaki, na daidaita saman da tsintsiya. Ko a ɓoye laifi sai da na yi shi tsaf.

Kabad ya fito kamar ranar da aka kawo shi.

Kwana uku bayan haka Alfa Seini ya iso. Alfa shi ne malam a bakin Dendawa. Abokin maigidana ne tun suna yara, lokacin da aka kai su karatun allo gari ɗaya. Garinsu yana bayan iyaka, tafiyar rabin yini a keke. A wannan shekarar hanya ta yanke, sai da ya ɗora keken a kwalekwale wuri biyu. Ya shigo zaure wandonsa jiƙe har gwiwa, ya kwance wani ƙunshi daga wuyansa, inda ya rataye shi don kada ruwa ya taɓa. Irin albasa ne, baƙi, mai sheƙi. Namu irin ya tafi da rumbu, kuma ya ji labari.

Na kai masa ruwa na durƙusa.

"Amarya, an sha ruwa an ƙoshi ko?" in ji shi yana dariya. "Ki gaya wa mijinki, irin gidanmu ne wannan, ba na kasuwa ba. Idan albasa ta yi, kasona miya ɗaya ce daga hannunki."

Yaya Garba ya murza irin a tafin hannu, ya sa ɗaya a haƙori. "Allah ya bar zumunci, Alfa. Ka fitar da mu kunya."

Fadama tana ƙarƙashin ruwa har lokacin, don haka aka yanke a yi renon irin a tudun bayan gida, idan ya kai dashe sai a kai shi can. Washegari da hantsi na leƙa ta saman katanga na ga Malam, maigidana, da Yaya suna kwasar juji da kwando. A nan haka ake yi, tokar gida da kashin awaki su ne takin fangalin reno. Na ga kwandon farko, na ga na biyu. Na buɗe baki na rufe. Idan na yi magana sai an tambaye ni ina na samo kananzir, ina na samo mai, me nake yi a ɗaki lokacin da mata suke juya hatsi a rana. Na ce wa raina ɗan mai ne, ƙasa za ta cinye shi. Su kuwa ba su ji komai ba. Garin duka wari yake, hannuwan Yaya kuma kullum warin man inji suke yi.

Aka cakuɗa takin da ƙasa, aka watsa iri, aka rufe da ciyawa. Safe da yamma ana yayyafa ruwa. A kwana na takwas aka ɗaga ciyawar. Inda ya kamata a ga tsiro ya fito cunkus kamar gashin jariri, sai ɗai-ɗai, nan ɗaya can biyu. Waɗanda suka fito ma suka yi ɗorawa, suka lanƙwashe. A kwana na goma sha biyu, da azahar, maza suna masallaci, na zagaya na tura yatsa cikin fangalin har ya nutse. Na shinshina. Ban buƙaci shinshinawa ta biyu ba.

Na dawo na wanke yatsan da sabulu sau uku.

Ranar da Alfa ya dawo duba reno, da busasshen kifi ya zo mana a bayan keke. Ina bayan zaure ina tankaɗe. Yaya bai bar shi ya kai bayan gida ba. Ya tsinko tsiron da suka rage, bai cika tafin hannu ba, ya zube a tabarma gabansa.

"Ga albasarka."

"Subhanallahi. Mi ya same ta?"

"Kai za a tambaya. Wanga iri na bara waccan ne ko na zamanin kakanka? Ka ajiye mai kyau a gida, ka kwaso mana shara, ka zo muna yi maka godiya."

"Yaya Garba, ji tsoron Allah. Daga gora ɗaya na ɗebo."

"Da ka ce babu, da mun tafi Kamba tun ran nan. Sati biyu ka cinye mana. Ka san mi ake nufi da sati biyu a wagga shekara?"

Sai na ji muryar Alfa ta sauka ƙasa, ya kira Malam da sunan yarinta, wanda ba mai kiransa da shi.

"Kai ma haka ka gani?"

Malam bai amsa ba. Mutum ne da ba ya ɗaga murya gaban wansa. Na san kansa yana ƙasa ko ban gani ba. Tsakanina da su bangon laka ne kawai, kalma huɗu ko biyar daga bakina sun isa su wanke Alfa. Na ci gaba da tankaɗe. Har yau ina jin ƙarar rariyar nan a kunnena.

Alfa ya ɗauki kekensa. Kifin ya bar shi a ƙofar zaure. Yaya ya ce a ba kare, amma ba a bayar ba. Mun ci shi, ni ma na ci.

Aka sayo wani irin a Kamba aka watsa a wani wuri. Ya tsiro lafiya, abin da ya ƙara tabbatar wa kowa cewa na Alfa ne mara kyau. Amma lokaci ya riga ya wuce. Kafin albasar ta yi kai zafi ya sauko, ganye ya kwanta, muka tono 'yan ƙanana kamar goro. Maƙwabta suna jibge tasu a gindin itace motoci suna lodi, mu tamu ba ta cika buhu uku ba.

Ranin nan ba na son tuna shi, amma na ce zan faɗa bi da bi. Da farko tuwo ya koma sau ɗaya a yini. Sannan ya koma kunu. Sannan aka fara haɗa kunun da dusa. Mata muka shiga tafki har ƙirji muna tono bado, mu dafa, mu ci da gishiri, bakinmu yana ɗaci. Busasshiyar tafasa da muke ajiyewa don marmari ta zama abinci. Da rana ƙasa ba ta takuwa, iska kamar daga bakin murhu. Nonona ya ja baya, jaririn yana tsotsa yana saki yana kuka, har kukan ma ya daina ƙarfi. Aka sayar da awaki ɗaya bayan ɗaya. Malam ya tafi ƙwadago Bahindi, ya dawo ƙashin wuyansa a waje. Duk wanda ya shigo gidan yana cewa, "Allah ya isa tsakaninku da mutumin ƙetare." Matan gida suna amsawa da amin. Ni ina motsa leɓe.

Duk wannan lokacin kabad yana tsaye a ɗakina yana ƙyalli. Baƙi mata sukan shafa shi su ce, "Ke dai akwai tsabta."

Damina ta zo, aka rayu. Shekaru suka bi juna. Na yi niyyar gaya wa Malam bayan girbi, sai na ce bayan suna, sai na ce bayan Sallah. Magana idan ta kwana ɗaya nauyinta ɗaya ne, idan ta shekara goma ba ta ɗaukuwa. Malam bai sake ambaton Alfa ba, amma duk ranar kasuwar da mutanen ƙetare ke zuwa, sai ya zauna a zaure fuskarsa tana kallon hanya. Yaya Garba ya rasu yana kan bakansa. Malam ya bi shi shekara takwas da suka wuce. Ranar uku aka ce mini wani tsoho Badende ya zo, ya yi addu'a a waje, ya ƙi shigowa, ya ƙi shan ruwa. Ina cikin takaba na ja mayafi na rufe fuska, mutane suka ɗauka kukan miji nake yi.

Da Rabi ta dawo daga binne tokar, na ce ta zauna. Na gaya mata duka. Ita ce ta fara ji. Da na gama ta dube ni.

"Inna, yana da rai?"

"An ce yana kwance."

"To, ai ke kika ce mini aikin yau ba ya kwana."

Yarinyar nan ba ta taɓa mayar mini da magana ba sai ranar.

Washegari da sassafe ɗana ya ɗauke ni a babur. Yanzu hanya ta fi da, awa biyu muka isa, duk da inda ruwa ya cinye sai an sauka an tura. A hanya na shirya maganata: na farko gaisuwa, na biyu kabad, na uku toka, na huɗu neman gafara. Muka same shi a tabarma gindin mangwaro, ya zama kamar tsinke, idanunsa sun yi fari. Ɗana ya faɗi sunan mahaifinsa. Tsohon ya juyo da kunne.

"Wa ke tare da kai?"

Na durƙusa. "Ni ce, Alfa."

"Amarya?" Ya yi murmushi babu haƙori. "An ce kun sake shan ruwa bana."

Duk tsarin da na yi ya watse. Na ce, "Alfa, irinka lafiyarsa lau. Ni ce na kashe shi." Daga nan na koma baya na faɗi sauran a hargitse, kananzir kafin kabad, juji kafin mai.

Kaza ta zo ta wuce tsakaninmu.

"Kananzir," in ji shi.

"Da baƙin mai."

"A cikin takin."

"Eh."

Ya shafa tabarma da tafin hannu. "Ranar da na dawo daga gidanku, na sauko da goran na je bakin kogi na juye shi duka. Na ce irin da ya kunyata ni gaban aboki ba zai sake shiga ƙasata ba. Na babana ne, shi ma na babansa. Albasa ce mai siririn wuya, tana kai damina a rumfa ba ta ruɓe ba. Babu ita yanzu ko'ina, na tambaya." Ya tsaya ya huta. "Uwar yaran nan kuwa na yi mata faɗa, na ce ita ta rataye goran kusa da murhu. Ta rantse, ban yarda ba. Ta rasu ban janye maganar ba."

Wannan ban san da shi ba. Shekara talatin ina auna laifina, ashe rabinsa nake aunawa.

Ya ɗaga murya ya kira da yarensu. Maza uku suka fito, masu furfura a gemu, da matansu a bayansu.

"Amarya, ki sake faɗa. Da ƙarfi. Waɗannan sun girma ana ce musu 'ya'yan mai mataccen iri."

Na miƙe tsaye. Wannan karon na faɗa bi da bi, ban tsallake ko tsintsiyar da na daidaita juji da ita ba. Ɗana yana gefe yana jin yadda aka yi nono ya ƙafe masa. Babbar surukar gidan ta juya ta shige ciki.

"Nawa na yafe," in ji Alfa. "Na abokina da na matata ba a hannuna suke ba. Ki roƙi Mai su." Sai ya karkata kai. "Kabad ɗin fa? Ya gyaru kuwa?"

"Yana nan. Gara ba ta taɓa shi ba."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. "To, madalla. Ko ba komai wani abu ya tsira a shekarar."

Surukar ta dawo da kwanon ruwa ta ajiye a gabana, ba ta kalle ni ba. Na sha.

Mun iso gida bayan la'asar. Rabi ta fito da kabad ɗin inuwar rumfa, don shi ma ya sha ruwan bana, ta wanke shi yana bushewa. Ta tara kwalba da yashi da tsumma a jere yadda na koya mata.

"Inna, gobe zan fara. Kankara ce farko ko?"

"A'a," na ce. "Na canza tsarin. Ɗauko fartanya. Kafin ki taɓa katako, ramin toka za ki fara tonawa."